Na ɗauki hutu, amma kiran ofis ya bi ni har gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a sashen kuɗi na wani kamfani mai zaman kansa a Abuja. Bara na ɗauki hutu na tafi gida Funtua da iyali, amma kusan kullum sai oga ya kira, ko a yi ta ambaton sunana a guruf ɗin ofis na WhatsApp. Har a wurin ɗaurin auren ƙanena sai da na ja gefe ina duba lissafin albashi a waya. Na koma aiki a gajiye, maiɗakina kuma ta ce da wannan hutu gara babu. Bana ina son in kashe wayar ɗungurungum, amma ina gudun a ce na raina oga, kuma da ita nake tura kuɗi da gaisawa da 'yan'uwa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kashe wayar. Mutumin da zai bi hanyar Abuja zuwa Kaduna da mata da yara ba ya tafiya da waya a kashe, kuma in mahaifiyarka ta kira sau biyu ta ji shiru, ka tayar mata da hankali a banza. Ban da haka, ogan da ya rasa ka a layinka zai nemo lambar maiɗakinka, ka ga an ƙara wata rigimar. Abin dubawa shi ne dalilin kiran. Ana kiranka ne domin akwai abin da ba wanda ya sani a ofishin sai kai. Muddin haka ne, ko a rijiya ka jefa wayar za a nemo ka.

Ƙorafin maiɗakinka yana kan hanya. Farfesa Sabine Sonnentag ta ƙasar Jamus ta daɗe tana nazarin yadda ma'aikaci ke warware gajiya, kuma a aikin da suka fitar da Charlotte Fritz a 2007 sun sa cire aiki daga zuciya cikin manyan abubuwa huɗu da ke sa hutu ya yi amfani. Barin kujerar ofis kaɗai ba ya wadatarwa. Kiran minti biyar ba a minti biyar yake ƙarewa ba: ka ajiye wayar, amma har la'asar kana tunanin ko an gyara kuskuren, ana yi maka magana kana cewa "na'am?" Zaman jiran kiran ma wani aiki ne. Kuma abin ya wuce ɓacin ran iyali. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Wanda hutunsa ma aiki ne, shi ya fi kowa kusa da wannan haɗari.

Saboda haka hutunka na bana zai fara ne tun kana ofis, kamar mako biyu kafin tafiya. Fara da zaɓen lokaci. Kai ɗan sashen kuɗi ne, ka fi ni sanin kalandar aikinka: albashi a ƙarshen wata, kuɗin fansho cikin kwana bakwai na aiki bayan an biya albashi, harajin albashi kafin 10 ga wata, harajin VAT kafin 21. Wanda ya sa hutunsa ya faɗa kan makon albashi shi ya gayyato kiran da kansa. In biki ne ya tsayar maka da rana, to sai a kammala lissafin a sa hannu kafin ka ɗauki jaka.

Sai takardar miƙa aiki. Mafi yawan waɗanda nake gani layi uku ne: wane zai riƙe mini aiki, na gode. Wannan ba ta hana kira. Wadda ke hanawa ita ce mai faɗin kowane aiki da ke hannunka, inda ya tsaya, ranar da ake buƙatarsa, inda fayil ɗinsa yake a kwamfuta, da wanda za a tuntuɓa a banki ko a ofishin haraji in an sami tangarɗa. Har ƙananan abubuwan da kake ganin kowa ya sani ka rubuta, irin su ɗan kwangilar da ya canza lambar asusu watan jiya, domin irinsu ne ke sa a kira mutum a tsakiyar ɗaurin aure. Kada ka ba kowa lambobin sirrinka ko na'urar amincewa da biyan kuɗi ta banki. Ka nemi a buɗe wa wanda zai riƙe maka aikin nasa izinin a hukumance, in ba haka ba duk abin da ya faru da sunanka aka yi. Sannan kwana uku kafin tafiya ka sakar masa aikin kana zaune a gefe. Duk tambayar da ya yi maka a kwanakin nan, ita ce zai yi maka a waya kana Funtua. Ka amsa, ka ƙara ta cikin takardar.

Rubutun yana da wani amfani a kanka kai ma. Tun a 1927 masaniyar halayyar ɗan'adam Bluma Zeigarnik ta bayyana yadda aikin da ba a gama ba ke maƙalewa a ƙwaƙwalwa, kuma a 2011 wasu masanan, Masicampo da Baumeister, suka nuna cewa tsara yadda da lokacin da za a gama shi yana rage wannan damun, ko da ba a taɓa aikin ba.

Maganar oga kuwa, ba a yin ta da saƙo. Ka shiga ofishinsa da takardar a hannu: "Ranka ya daɗe, ga abin da na shirya don kada aiki ya tsaya. Wane ya san komai. In abu ya gagare shi, shi zai kira ni, kuma zan riƙa duba waya bayan la'asar." Ba ka ce kada ya kira ba, ba ka raina kowa ba, ka dai mayar da ƙofofi goma zuwa ɗaya. Mafi yawan shugabanni amsa suke nema, ba muryarka ba.

Ban ba ka shawarar ka je masa da doka ba. Sashe na 18 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ba da aƙalla kwana shida na aiki a matsayin hutu da cikakken albashi bayan wata 12, amma bai ce komai ba kan kiran mutum yana hutu, kuma ma'aikatan ofis irinku takardar ɗaukar aiki ce ta fi yanke muku hukunci. A Faransa tun 1 ga Janairun 2017 doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin ajiye waya bayan tashi. Portugal ta yi tata a 2021, Ostireliya a 2024. Kamfanin motoci na Daimler ma a 2014 ya ba ma'aikatansa damar a riƙa goge duk imel ɗin da ya shigo suna hutu, a sanar da mai aikowa wanda zai tuntuɓa. Mu ba mu kai nan ba, da lalama ake yi.

Akwai kuma wata magana da ba kowa ke son ji ba. Wasunmu suna jin daɗin kiran. Mutum ya ƙi koya wa na ƙasa da shi aiki don kada a ga za a iya ba shi, sannan ya dawo yana kukan ba a barinsa ya huta. Ban ce kai haka kake ba, amma ka tambayi kanka. A harkar kuɗi ma rashin iya barin kujera ba abin yabo ba ne: bankuna da dama suna tilasta wa ma'aikaci ya tafi hutu a jere wani ya zauna a wurinsa, domin ta haka ake gano ɓarnar da aka daɗe ana rufewa.

Ita wayar kanta aikinta kaɗan ne. In tana da layi biyu, kashe na ofis, ka ba mai riƙon aikinka da oga ɗaya lambar. Wasu sukan sa layin gida a 'yar rakani-kashi su bar babbar a ɗaki tana caji, kuma dabara ce mai kyau, domin tana raba ka da TikTok da Facebook waɗanda su ma suna cinye hutu. Guruf ɗin ofis kada ka fita daga ciki, masu kula da shi za su gani, kuma sau da yawa oga na cikinsu. Ka toshe ƙararsa ka tura shi ma'ajiya, ka cire manhajar imel ɗin ofis har ka dawo. Duba saƙo sau ɗaya a yini, minti goma sha biyar, a lokacin da ka faɗa. Ban da bayan asuba, ban da lokacin kwanciya: na farko ya ɓata maka yini, na biyu ya hana ka barci. Kwana biyu ko uku na farko hannunka zai riƙa kai kansa aljihu, daga baya ya daina. In an kira a kan abin da ke cikin takarda, ka ce "duba shafi na biyu", kada ka yi aikin da kanka, don in ka yi sau ɗaya ka buɗe ƙofa.

Ka dawo Abuja kwana ɗaya ko biyu kafin ranar komawa aiki, kada ka sauka daga mota daren Lahadi ka wayi gari a ofis. Binciken Jessica de Bloom da abokan aikinta ya nuna cewa daɗin hutu yakan gushe cikin 'yan makonni da komawa, don haka in kamfaninku ya yarda, raba hutun gida biyu a shekara ya fi tara shi wuri ɗaya. Ranar farko ka zauna da mai riƙon aikin ya ba ka bayani kafin ka buɗe imel, ka kuma rubuta duk abin da ya sa aka kira ka, ya shiga takardar baɗi.