Sayayya ba haraji a Osaka: wa ya cancanta, kuma nawa ake ragewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je Osaka ziyarar mako biyu wurin ƙanena da ke karatu a can. An ce mini baƙi ba sa biyan haraji in sun yi sayayya a Japan. Ina son tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, da agogo, da kayan shafa na tsaraba. Wata ƙawata kuma ta ce in ɗebo mata man shafawa da yawa ta sayar a shagonta. Yaya abin yake? Kuma ƙanena zai iya saya mini da fasfonsa?
Wata mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai ki lafiya. Abin da aka faɗa miki gaskiya ne, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne tushen komai: Japan tana yafe wa baƙo haraji ne saboda kayan za su bar ƙasar tare da shi. Duk wata ƙa'ida da za ki ci karo da ita a kanti ko a filin jirgi daga nan ta taso.

Harajin da ake magana shi ne na sayen kaya, wanda aka fara karɓa a 1989, ya kuma kai kashi 10 cikin 100 tun watan Oktoba na 2019. Kayan abinci da abin sha marar giya kashi 8 ne. Kada a ruɗe ki da lissafi: tukunyar da aka rubuta wa yen 33,000 haɗe da haraji, yen 30,000 za ki biya. Ragin bai wuce kusan kashi 9 na kuɗin da ke jikin kaya ba. Manyan kantuna irin su Daimaru da Takashimaya ma sukan karɓi cikakken kuɗi, ki je wani tebur na musamman a mayar miki da harajin a ranar, bayan sun cire ladan aikinsu. Ragi ne mai amfani, musamman a kan agogo mai tsada, amma bai kai a shiga matsala dominsa ba.

Batun ƙaninki, amsa ita ce a'a. Tun watan Afrilu na 2023 an cire ɗalibai da masu zaman aiki daga tsarin. Cikin 'yan ƙasashen waje, waɗanda suka cancanta sun haɗa da mai izinin gajeriyar ziyara wanda bai kai wata shida da shigowa ba, da jami'an diflomasiyya da masu aikin hukuma. Ke ce kika cancanta, ba shi ba. Idan kin sauka a filin jirgin Kansai, jami'in shige da fice zai manna wata 'yar takarda a fasfonki mai ɗauke da ranar shigowa da irin izininki. Ita mai kanti yake dubawa. Don haka ki riƙa fita da fasfon kansa, hoton waya ko kwafi ba sa aiki. Haka nan ba a yarda ki sayi kaya ba haraji ki bar wa ƙaninki kyauta ba, ko da kuwa riga ɗaya ce. Abin da za ki ba shi, ki saya da harajinsa.

Ba kowane shago ke yi ba. Ki nemi alamar ja da fari mai furen ceri, an rubuta "Japan. Tax-free Shop". A titin Shinsaibashi da Dotonbori kusan ko'ina za ki gan ta, a kantin Don Quijote da shagunan magani da kayan shafa irin Matsumoto Kiyoshi. Kayan lantarki kuwa, Yodobashi Camera a Umeda, ko Bic Camera a Namba, ko unguwar Nipponbashi. Dole sayayyar ta kai yen 5,000 kafin haraji, a shago ɗaya, a rana ɗaya. Gara ki tara abin da kike so ki biya gaba ɗaya da ki riƙa tsinta kullum.

Yanzu ki duba ranar tafiyarki, domin tsarin iri biyu ne. Har zuwa ƙarshen Oktoba na 2026, a kanti ake cire harajin. Kayan da ke ƙarewa, wato kayan shafa, magani, alewa da shayi, ana zuba su a wata leda a liƙe bakinta da tef na musamman, ba a buɗewa sai an bar Japan, kuma ba sa wuce yen 500,000 a shago ɗaya a rana. Ki karanta abin da aka haɗa alewa da shi, ko ƙaninki ya karanta miki, tun kafin a liƙe, domin wasu akwai giya ko sinadarin alade a ciki. Daga 1 ga Nuwamba 2026 kuwa, za ki biya cikakken kuɗi a kanti, kwastan su tabbatar a filin jirgi cewa kayan suna hannunki cikin kwana 90 da saye, sannan a mayar miki da harajin. Ledar da iyakar yen 500,000 duk an soke su a sabon tsarin. Ki tambayi mai kanti ta wace hanya kuɗin zai dawo, kuma ki adana rasit.

Abin da ya jawo canjin shi ne masu sayen kaya jibgi ba haraji su sayar a cikin Japan ɗin. Wannan ya kawo mu ga saƙon ƙawarki. An kafa tsarin ne don matafiyi da tsarabarsa, kuma a dokar da ke aiki har ƙarshen Oktoba na 2026 kayan kasuwanci ba sa ciki. Mai kanti yana iya ƙin cire miki haraji in ya ga kwali-kwali na abu ɗaya. Duk abin da kika saya kuma ana tura bayaninsa ta kwamfuta zuwa hukuma da lambar fasfonki. Shawarata, kada ki ɗora kasuwancin wani a kan fasfonki. In tana son kaya da gaske, ta nemi dillalin da ke fitar da kaya bisa ƙa'ida. Turo kayan ta gidan waya ma ba mafita ba ce, domin tun Afrilu na 2025 an daina karɓar takardar aike a madadin nuna kayan.

Tukunyar ce ta fi damuna. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, ta Najeriya 230. Tukunyar da aka ƙera don Japan, kina jona ta a Kano za ta ƙone. Ki ce wa ma'aikacin shago ta ƙasashen waje kike so, ki ga 220V ko 230V a jikin kwalin da idonki kafin ki biya. Haka na'urar busar da gashi.

Ranar dawowa ki je filin jirgi da wuri. Ki bi ta wurin kwastan da fasfonki da kayan kafin ki miƙa akwatunanki ga kamfanin jirgi, domin in suka nemi ganin abu aka ce ya riga ya shige, a tsohon tsari za ki biya harajinsa nan take, a sabon kuma ba za a mayar miki ba. Ki sa rasit ɗinki a jakar hannu, kwastan na Najeriya ma suna iya tambayar kuɗin kayan idan kin sauka.