Ka Fara Duba Robar Kunne Kafin Ka Taɓa Ikwalaiza

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tambaye ni me za ka yi wa saurayin nan da ya kawo Tecno ɗinsa yana kukan waƙa ba ta da bes. Ka ce ka tura masa sandunan ikwalaiza, wato wurin ɗaga ko sauke kowane ɓangaren sauti a waya, duka har ƙarshe, amma maimakon sautin ya yi kauri sai ya koma kamar ana yaga takarda. Magariba ta kawo jiki, ban samu na amsa maka yadda ya kamata ba. Ga amsar, ka karanta a tsanake.

Ka taɓa tsayawa kusa da masu tambari ranar hawan sallah? In aka doka shi, ba kunne kaɗai ke ji ba, har ƙirjinka sai ya amsa. Kalangu kuwa, komai gwanintar makaɗi, ba zai ba ka wannan ba, don fatarsa ƙarama ce. Sauti mai kauri iska mai yawa yake so a tura. Kunnen ɗan Adam yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, ita ce hertz ɗin da kake gani a rubuce, kuma bes yana can ƙasa, daga 20 zuwa wajen 250. Duk sanda aka sauko da rabi, a ce daga 200 zuwa 100, sai fatar sifika ta yi kai-komo ninki huɗu kafin ƙarar ta kai ta farko. To, tuna sifikar wayar da kake ɗagowa da matsefata kullum. Ko farcen babban yatsanka ba ta fi ba. A ina za ta samu wannan fili? Saboda haka duk wanda ya ce yana son bes daga jikin wayar kanta, ka faɗa masa gaskiya: babu manhajar da za ta yi masa. Ya nemi iyafis ko sifikar Bluetooth.

Za ka ce ai iyafis ma fatarsa ƙarama ce. Haka ne, da yawansu milimita 10 ce ko kusa da haka. Bambancin shi ne iskar da yake turawa 'yar kaɗan ce, wadda ke kulle a ramin kunne. Ɗauki famfon keke, ka toshe bakinsa da yatsa ka danna, za ka ji ƙarfi yana ture ka. Ɗaga yatsan kaɗan, shi ke nan, ƙarfin ya zurare. Haka bes yake zurarewa in robar iyafis ba ta zauna daram ba.

Gwajin ba ya cin minti ɗaya. Ka kunna waƙa, ka ce wa mutum ya danna iyafis ɗin cikin kunnensa da yatsu. In ka ga ya zaro ido ya ce "yauwa, ga shi nan", to ciwon na roba ne. Sabon iyafis yakan zo da robobi kashi uku, ƙanana, matsakaita da manya, amma yawancin mutane da kwalin suke zubar da su. Shi ya sa nake tara su a gwangwanin nan na ƙarƙashin tebur. Ka gwada masa babba. Kada ka yi mamaki in kunnen dama ya ɗauki wata, na hagu ya ɗauki wata, na sha gani. Ka kuma nuna masa ya ja saman kunnen da ɗaya hannun kafin ya saka, ramin yakan miƙe robar ta shige sosai. Mai hedfon babba kuma ka duba soson, in fatarsa ta fara ɓarewa a canja. Ƙafar tabarau, bakin hula, ɗankwali, duk abin da ya shiga tsakanin soso da kai ƙofa ce ya buɗe.

Daga nan sai ragar da ke bakin iyafis. Cire robar ka haska da fitila. Dattin kunne in ya haɗu da ƙurar hunturu yakan daskare a kanta kamar daɓe. Ka kifa bakin ƙasa ka goge da busasshen buroshin haƙori mai laushi. Ban da allura. Akwai kuma wani ɗan rami a jikin iyafis da yara kan ɗauka fashewa ce su liƙe da gam. Numfashin fatar ke nan, ka bar shi.

Wani direban mota ya taɓa zuwa min da niyyar sayen sabuwar waya, wai sautin tasa ya mutu. Na saurara, sai na ji muryar mawaƙin can nesa kamar daga cikin rijiya, ganga ta ɓace, sai 'yan kaɗe-kaɗen gefe. Na leƙa ramin wayar da ake soka iyafis, na zaro audugar aljihu dunƙule guda da tsinken sakace. Kan iyafis ɗin ne ba ya shiga har ƙarshe. In zoben ƙarfen kan iyafis ɗin da kunnuwan biyu suka yi tarayya a kansa bai taɓa ba, duk abin da yake iri ɗaya a dama da hagu yana kashe juna, kuma murya da bes a tsakiya ake ajiye su. Irin wannan alamar za ka ji in aka sa iyafis na tsofaffin Nokia a wayar yanzu: sai an danne maɓallinsa sauti yake dawowa, don tsarin zobbansu ya saɓa. Kai ma in kana ɗinke wayar iyafis ko ta sifika da dalma, ka kula kada ka juya ƙafafun ɓangare ɗaya. A sifika biyu wannan kuskuren yana cinye bes ƙarara.

Sai duk wannan ya yi daidai za ka buɗe ikwalaiza. Wadda ta fi yawa a Android sanduna biyar gare ta: hertz 60, 230, 910, 3,600 da 14,000. Da ka tura su duka sama, ba bes ka ƙara ba, ƙarfin sautin gaba ɗaya ka ƙara, kuma sautin waya yana da rufin da ba ya wucewa. Waƙoƙin yanzu tun daga situdiyo an kai su dab da rufin nan. Ka ƙara a kai, sai kan sautin ya gundule, wannan ce yagar takardar da ka ji. Ka riƙe lissafin: ƙarin decibel 3, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ƙarfin wuta ninki biyu yake nema, ƙarin 6 ninki huɗu.

Ga yadda nake yi. Ina mayar da komai sifili. Ina ɗaga 60 da 3 ko 4. Sandar 230 kuma sauke ta nake yi da 1 ko 2, don a nan ne sauti ke yin kumburi ya danne murya, kuma da ka rage shi sai bugun ƙasan ya fito fes. Sauran na bar su. In manhajar tana da sandar da ke rage ƙarfin gaba ɗaya kafin ya shiga ikwalaiza, kamar VLC da Poweramp, sai na sauke ta daidai da abin da na ɗaga. Kuma ikwalaiza ɗaya ake kunnawa. Wasu Tecno da Infinix suna zuwa da tasu mai gyaran sauti, DTS, Samsung da Dolby Atmos, sai mutum ya kunna wannan, ya kunna ta manhajar waƙa, ya sauko da ta uku ya ɗora. Miya ce aka sa wa gishiri sau uku.

Ka saurari waƙar kanta ma. Wadda aka ɗauka da waya a gidan biki aka turo ta WhatsApp, bes ɗinta tun a wurin ya lalace, ba abin da za ka tono. Ka ajiye waƙa ɗaya mai kyau da kunnenka ya haddace, da ita za ka riƙa gwada kowane iyafis.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙure murya. Tun 1933 masana kimiyya Fletcher da Munson suka auna a Amurka cewa in sauti ya yi ƙasa, kunne bes yake fara rasawa. Shi ya sa yaro a cikin adaidaita sahu, da robar da ba ta toshe ba, yake ta ƙure murya yana neman bes, alhali kunnensa yake ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a decibel 80 na awa 40 a mako, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Na san abokan sana'a da yanzu sai ka maimaita musu magana sau biyu. Kai kuma da kunnen nan za ka ci abinci, don haka in kana gwaji kada ka wuce rabin murya.

Saurayin ya ce zai dawo bayan azahar. Ka ce ya zo da iyafis ɗin da yake amfani da shi, ka kashe masa abin da ka kunna jiya, ka ɗauko gwangwanin robobi. In roba ce kawai, kada ka karɓi kuɗinsa.