Kocin da Yaransa ke Amai a Atisaye, Shi ne Gwani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Texas, kuma jami'o'i biyu sun yi wa ɗana na fari tayin karatu kyauta domin ya buga musu ƙwallon Amurka. Kawunsa ya kafe sai ya zaɓi ta farko, wai kocinta ba ya wasa, yaransa har amai suke yi a atisaye, shi ke fitar da maza. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, don yaron AS ne. Wata mai zuwa za mu ziyarci makarantun biyu. Don Allah me zan duba in gane hannun da zan damƙa shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan hanya. Ranar ziyara za a zagaya da ku ɗakin ɗaga ƙarfe, a nuna muku kofuna, a sa wa yaro riga da hular kwano a ɗauke shi hoto. Kowace makaranta ta iya wannan. Ki roƙi a bar ki ki kalli atisaye tun daga farko har a tashi, ki tsaya kusa da wurin shan ruwa.

Daga nan za ki ga ko yaro yana iya zuwa ya sha ba tare da ya saci kallon koci ba. Za ki ga abin da ke biyo bayan kuskure: akwai kocin da zai matso ya gyara wa yaro tsayuwar ƙafa ya ce a maimaita, akwai wanda zai zage shi a gaban abokansa ya kora shi gudu. Ki lura ko kocin ya san sunayen 'yan benci da masu kwasar kaya. Ki nemi inda aka ajiye waɗanda suka ji rauni, suna cikin 'yan uwansu ana koyar da su, ko an ware su can gefe kamar masu laifi. Wanda ya fi duka, idan jami'in lafiya ya ɗaga hannu ya ce wane ya fita, ki dubi fuskar koci. Labarin zuciya a tambayi fuska. Tun 2016 manyan jami'o'i suka amince cewa maganar likita da jami'in lafiya ita ce ta ƙarshe kan komawar ɗan wasa fili, amma doka a takarda ba ta hana harara.

Sai maganar kawu. Ina girmama shi, amma wannan ra'ayi na cewa wahalar da yaro har ya faɗi ita ce tarbiyya ya cinye rayuka, kuma kullum sai an ji shi a bakin iyaye da dillalan da ke yawo suna haɗa yara da makarantu. Tsohon gado ne. Har yau ana ba da labarin sansanin da koci Bear Bryant ya kai 'yan wasan Texas A&M a garin Junction a 1954, cikin zafi da fari, ana hana su ruwa, akasarinsu suka gudu. Ana faɗin labarin da alfahari, ba a faɗin cewa Allah ne kawai ya tsare ba a ɗauko gawa ba.

Wasu ba su tsira ba. Jordan McNair na jami'ar Maryland, ɗan shekara 19, zafi ya buge shi a atisayen gudu ranar 29 ga Mayun 2018. Ba a auna zafin jikinsa ba, ba a tsoma shi a ruwan ƙanƙara ba, ya rasu bayan mako biyu. Jami'ar ta amsa laifinta, daga baya aka sallami koci D.J. Durkin. Abin da ke ci wa mutum rai shi ne maganin ba shi da tsada. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyus kuma yaro ya fara ruɗewa, a tsunduma shi cikin bahon ruwa da ƙanƙara nan take, a sauko da zafin ƙasa da 39 cikin minti 30, sannan a nufi asibiti. Wanda aka yi wa haka da wuri kusan kullum yana tashi. Saboda haka ki nemi bahon nan da idonki a bakin fili, ki ga ko da ruwa a ciki. Baho a sito daidai yake da babu.

A Iowa, cikin Janairun 2011, 'yan wasa 13 aka kwantar a asibiti bayan atisayen da aka sa su durƙusa su miƙe sau 100 da ƙarfe a kafaɗa, suna dawowa daga hutu. Tsoka ce ke narkewa ta zuba cikin jini ta toshe ƙoda, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Ki lura da watan. Yawancin irin wannan musiba ba a ranar wasa take aukuwa ba, a atisayen ƙarfafa jiki ne na lokacin da ba a gasa, musamman kwanakin farko bayan hutu ko idan an yi sabon koci mai son nuna isa. Don haka mutumin da za ki fi yi wa tambayoyi shi ne kocin ƙarfafa jiki, don ya fi babban koci daɗewa tare da yaran.

Ga kuma inda abin ya shafe ki kai tsaye. Mu a gida mun saba da cewa AS ba ciwo ba ne, sai an zo gwajin aure ake tuna shi. A zaman yau da kullum haka ne, kuma ba ya hana wasa, masu AS da yawa sun buga har matakin ƙwararru. Amma gudun kashe-kai babu hutu yana iya lanƙwasa ƙwayoyin jininsu su toshe jijiyoyi cikin minti biyu zuwa uku. Ya bambanta da ɗaurewar jijiya da aka sani, inda tsoka ke yin tauri yaro yana ihu. A nan ƙafafu ne ke saki, tsoka na laushi, yaro ya sulale ƙasa yana haki, sau da yawa yana iya magana. Wannan maganar da yake iya yi ita ke sa jahilin koci ya ce ragwanci ne, ya daka masa tsawa ya tashi. Haka aka rasa Dale Lloyd a jami'ar Rice a 2006, kuma ƙarar da iyayensa suka shigar ce ta kai hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ga wajabta gwajin sikila a manyan jami'o'i daga 2010. Gwajin bai ceci Ted Agu ba, ɗan asalin Najeriya a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. An san AS ne, duk da haka ya yi ta faɗuwa a atisayen hawan tudu a Fabrairun 2014 har rai ya yi halinsa. Jami'ar ta biya diyyar dala miliyan 4.75. Takardar gwaji na cikin fayil, al'adar fili kuwa ta hana yaro cewa na gaji. Tsakani da Allah, wace jarumta ce a nan? Ɗan mutane amana ne a hannun koci, kuma za a tambaye shi.

Kada kuma a ce da ke sassauci ba ya cin kofi. John Gagliardi na jami'ar Saint John's a Minesota ba ya busa usur, ba a kayar da juna a atisayensa, minti 90 ya sallami kowa. Ya yi ritaya a 2012 da nasara 489, babu kocin jami'a da ya kai shi. Eddie Robinson na jami'ar Grambling, mai nasara 408, da sassafe yake bin ɗakunan kwanan yaransa da ƙararrawa yana tashinsu su tafi aji. Tsanani ne, amma kan abin da zai amfani yaro.

A kowace makaranta ki zauna da jami'in lafiya ba a gaban koci ba. Ki tambaye shi 'yan AS nawa ne a ƙungiyar, ko kocin ƙarfafa jiki ya san su ɗaya bayan ɗaya, ko ana ɗauke musu gwajin gudu na agogo, ko akwai iskar oksijin a bakin fili, da yadda suke yi idan za a buga a wuri mai tudu irin garin Laramie na jihar Wayomin, mai tsayin kusan mita 2,200. Ki tambaya ko ana sa gwale-gwale a matsayin horon laifi, abin da shawarwarin NCAA na 2019 suka hana. Wanda ya saba kula da waɗannan abubuwa zai amsa ba tare da ya buɗe takarda ba. Sannan ki bar ɗanki ya keɓe da ɗan wasan da ba ya samun shiga fili, ya tambaye shi abin da ya faru da mutum na ƙarshe da ya ce ba zai iya ƙarasa gudu ba. Ki tafi da kawu idan zai yiwu, ya tsaya kusa da ke a wurin shan ruwa.