Amsar tambayar da aka yi kan jarumin da ya kashe fursuna

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa, na saurari tambayarka tun jiya, rubutu ba zai ɗauke ta ba shi ya sa na ce bari in yi murya. Don waɗanda ba su ji ba: a teburinsa na Dungeons & Dragons, wasan da ake zama a tebur kowa da jaruminsa, jagora yana jan labari, akwai mai wasa da ya rubuta a takardarsa cewa jaruminsa na kirki ne mai bin doka, sai ga shi ya sare wani ɗan fashi da ya riga ya jefar da takobi ya durƙusa. Yanzu labarin zai kai su Dutsen Selestiya, duniyar masu kirki da bin doka a cikin wasan, shi ne yake tambaya ko ya canza masa karkatar hali da ƙarfi, kuma ko dutsen zai karɓe shi.

To, ni a ganina kada ka taɓa takardarsa tukuna. Bari in faɗa maka dalili.

Wannan abu da ake kira alaimen, ni ina ce masa karkatar hali, wato ɓangaren da halin jarumi ya fi jingina, ba a fara shi da gida tara ba. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, uku ne kacal: doka, hargitsi, da tsaka-tsaki. Babu maganar kirki ko mugunta a ciki, ɓangare ne kawai, da wa kake a babban yaƙin. Daga baya aka gicciya layi na biyu, kirki da mugunta, har a 1978 aka tsaya kan gida taran da muka sani. Bugu na 4 a 2008 ya rage su zuwa 5, bugu na 5 a 2014 ya dawo da taran. Ka ga ko masu wasan ba su taɓa zama wuri guda a kansa ba.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, kalma ɗaya ce amma aiki biyu take yi. Ga ɗan'adam ko elf ko wada, wato jinsunan jaruman wasan, karkatar hali shaida ce kan abin da ya saba aikatawa. Tana bin bayan aiki ne. Amma ga halittun duniyoyin waje, ita ce jininsu da tsokarsu. Littafin 'yan wasa na 2014 ya fito da wannan fili: shaiɗanin Bator, duniyar mugunta mai bin doka, ba zaɓar mugunta mai tsari yake yi ba, da ita aka yi shi, ranar da ya bar ta ya daina zama shaiɗani. Dubi Zariel, wadda daga halittun sama take, ta sauka yaƙi a Abernus, hawa na farko na Bator, ta ƙare ita ce mai mulkin wurin. Da halinta ya juya, siffarta ma ta juya. Jarumin abokinka ba haka yake ba. Mutum ne, zai iya yin mummunan abu yau ya kwana yana nadama.

Kuma don Allah, kafin wani ya ɗauko wata magana, duk wannan ƙagaggen labari ne na wasa, ba ruwansa da abin da muka yi imani da shi.

Yanzu duniyoyin. Ka ɗauka ƙafar keke ce, duniya 16 a kewaye, ta 17 a tsakiya ita ce Outlands. Kirki a sama, mugunta a ƙasa, doka a hannu ɗaya, hargitsi a ɗayan. Selestiya dutse ne mai hawa 7 da ya taso daga teku mai ƙyalli kamar azurfa. Mekanus kuwa manyan haƙoran inji ne suna juya juna, ko'ina lissafi. Limbo babu ƙasa babu sama, wuta da ruwa da dutse duk a cakuɗe, sai mai ƙarfin zuciya ya tsayar da wurin da zai taka da tunaninsa. Bator hawa 9 ne, Asmodiyus, sarkin shaiɗanunta, na zaune a na ƙarshe. Abis kuma, duniyar mugunta da hargitsi, ba a san iyakar hawanta ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yaƙin da ya fi kowane daɗewa a can ba tsakanin sama da ƙasa ake yinsa ba. Tsakanin Bator da Abis ne, Yaƙin Jini, mugu da mugu, ɗaya na son duniya a ɗaure da yarjejeniya, ɗayan na son ta a tarwatse. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa layin doka da hargitsi yana da nauyin kansa.

Amma abin da nake so ka riƙe yana cikin Planescape, kundin wasan kan waɗannan duniyoyi, wanda David Cook ya tsara a 1994. A bakin Outlands akwai garuruwan ƙofa 16, kowane yana fuskantar duniya ɗaya. Idan halin mutanen gari ya yi kama da na duniyar da ke bayan ƙofarsu sosai, garin gaba ɗaya sai ya zame ya faɗa cikinta, da gidaje da tituna da mutane. Plague-Mort, garin da ke bakin Abis, ya sha faɗawa. Lura da kyau, ba laifi ɗaya ke jan gari ba. Taruwa abin yake yi, yau kaɗan gobe kaɗan, har ƙasa ta goce. Haka nake auna jarumi ma.

Na taɓa yin kuskuren nan a teburina. Wata mai wasa ta sa jarumarta ta yi ƙarya don ta ceci yaro, na miƙa hannu na ja takardarta na goge "mai bin doka" a gaban kowa. Ba ta ce komai ba, ta ajiye fensirinta, sauran daren ko dayis, ɗan abin jefawa mai lambobi, ba ta ɗaga da kuzari ba. Na gane na yanke hukunci kan jarumar da ta fi ni sani. Tun daga ranar nake bari duniyar labarin ta yi magana a madadina.

Kai ma kana da kayan aikin. A littafin jagoran wasa na 2014 akwai doka ta ganin dama: wanda halinsa bai dace da duniyar da ya shiga ba, bayan dogon hutu zai jefa dayis na juriyar jiki yana neman 10, idan ya gaza gajiya ta hau shi mataki ɗaya. Ba sai ka bi ta harafi da harafi ba. Su iso gaɓar tekun, kowa ya ji sanyi a ransa, shi kuwa sulkensa ya yi masa nauyi. Barci ya ƙi zuwa. Hanyar hawa dutsen da sauran ke gani a sarari, shi hazo yake gani. Mai tsaron hawa na farko ya tare shi cikin ladabi, ba da faɗa ba, ya tambaye shi sunan mutumin da ya durƙusa masa. Ka yi shiru a nan, ka bar mai wasan ya amsa da bakinsa.

Idan ya sunkuyar da kai ya nemi yadda zai gyara, ka samu labarin zama uku ko huɗu a kyauta: neman iyalan mamacin, biyan abin da ya wajaba, komawa dutsen. Idan kuwa ya ce ya yi daidai kuma gobe ma zai ƙara, to bayan an tashi ka ja shi gefe ku biyu, ka tambaye shi ko har yanzu yana ganin gidan da ya rubuta shi ne gidan jaruminsa. Yawanci da kansa zai ɗauki magogi.

Abu ɗaya da ban ji a tambayarka ba: wane bugu kuke bugawa, kuma jarumin faladin ne, wato mayaƙi mai rantsuwar tsarki? Don a tsofaffin bugu faladin dole ya kasance na kirki mai bin doka, kuma aikata mugunta da gangan na raba shi da baiwarsa nan take. A bugu na 5 rantsuwarsa ake dubawa. Turo min wannan da irin rantsuwar da ya ɗauka, sai in faɗa maka yadda zan tsara haɗuwarsu da mai tsaron.