Faifan Bikina Ya Kakkarce, Ko Akwai Yadda Zan Ceto Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Faifan DVD na bikin aurena ne tun 2011, mai bidiyo ya buga mana guda biyu, ɗaya ya ɓace. Wanda ya rage duk ya kakkarce, da ya kai wajen minti ashirin sai ya tsaya. A ciki ne kaɗai nake ganin marigayi mahaifina yana magana. Maƙwabciyata ta ce in goge shi da makilin. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan Baba da rahama. Ki ajiye makilin ɗin tukuna. A fara kwashe abin da faifan zai iya bayarwa a yadda yake yanzu, gyaran jikinsa ya biyo baya.

Faifan DVD roba ce falle biyu da aka manne, kaurin kowacce milimita 0.6, bayanan kuma suna tsakiya. Karcen da kike gani a ƙasansa galibi bai kai ga bidiyon ba, hasken leza kawai yake karkatarwa. Shi ya sa nake da kyakkyawan zato. Amma ki juya shi a gaban haske ki duba yadda karcen ya kwanta. Wanda ya taso daga tsakiya zuwa baki mai sauƙi ne, domin an rubuta bayanan ne a zagaye, kaɗan yake yankewa daga kowane layi, faifan kuma yana ɗauke da ƙarin bayanan cike giɓi. Mugun karce shi ne wanda ya bi zagayen faifan, don dogon layi guda yake rufewa.

Saboda haka wajen wanki ma kada ki goge a zagaye. Ruwa mai ɗan ɗumi, ɗigon sabulun ruwa, ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, daga tsakiya zuwa baki. Sau da yawa maiƙon yatsu da ƙurar hunturu ne ke hana shi karatu, da an wanke sai ya wuce.

Sai kwafar bayanan faifan. Za ki buƙaci kwamfuta mai wurin sa faifai, in babu a sayi na'urar DVD ta waje mai shiga ta USB. Kwafar yau da kullum ta Windows ba za ta yi ba, da ta ci karo da wuri guda da ya ƙi karantuwa sai ta watsar da fayil ɗin gaba ɗaya, alhali kowane fayil ɗin bidiyo na VOB cikin jakar VIDEO_TS da ke kan faifan yakan kai gigabait 1. Manhajar da na fi yarda da ita GNU ddrescue ce, kyauta ce, a kan Linux take aiki, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta daban da Windows. Tana fara kwashe wurare masu lafiya, ta tsallake masu ciwo, sannan ta dawo ta yi ta gwada su. Tana kuma rubuta taswirar inda ta samu da inda ta rasa, wanda ke ba ki damar kashe kwamfutar idan an ɗauke wuta ki ci gaba gobe, ko ki kai faifan wata na'urar ta cike abin da ta farko ta kasa. Wannan na ƙarshen kada ki raina shi, na sha ganin faifan da wata na'ura ta ƙi, wata tsohuwar na'ura ta karance shi tas. Idan Windows kawai kike da ita, manhajar IsoBuster na yin irin wannan aiki, sai dai wasu ɓangarorinta na kuɗi ne. Aikin na iya cin yini guda, kada ki ƙosa.

Wani hanzari: in kin buɗe faifan kin ga jakar MPEGAV da fayiloli masu ƙarewa da DAT, to VCD aka buga miki, wato bidiyo a kan faifan CD, mu ne dai muke kiran kowane faifai DVD. Shi bayanansa suna dab da saman da ake rubutu a kai, in can ya ɓare babu magani. A nan IsoBuster ta fi dacewa.

Bayan kin sami kwafin farko, in akwai sauran giɓi, sannan a zo ga makilin. Yana ɗan kankare gefen karcen ne, wani lokaci ya taimaka, wani lokaci ya ƙara dusar da faifan. Farin makilin, kaɗan, kan karcen kawai, a ɗauraye, a bushe, a sake tayar da manhajar da taswirar nan. Basilin kuwa ban ba ki shawara ba, yana iya ɓata idon na'urar.

Akwai abin da ya fi karce tsoratar da ni. Faifan masu bidiyo galibi DVD-R ne, da wani rini ake rubutu a cikinsa, zafi da rana suna cinye shi a hankali. In faifan ya yi shekaru a saman talabijin ko cikin mota, wani ɓangaren na iya tafiya har abada. Don haka a yi aikin a makon nan.

Idan kwafar ta kammala za ki sami fayil ɗin ISO guda, wato kwafin faifan gaba ɗaya, da zai iya kusan gigabait 4.7. Filashin da aka tsara da tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, a mayar da shi exFAT. Manhajar VLC za ta kunna ISO ɗin kai tsaye, manhajar HandBrake kuma ta mayar miki da shi MP4 don waya. Ki ajiye asalin a kwamfuta, ɗaya a filashi a gidan wani ɗan'uwa, ɗaya a Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Kada ki dogara da wanda kika tura ta WhatsApp, matse bidiyo yake yi. Faifan kuma a mayar da shi cikin kwalinsa a inuwa, ko gaba a sami na'urar da za ta fi wannan iya karanta shi.