In haihuwa ta zo da gardama, ma'aikatan asibitinmu za su iya kuwa?

Tambaya: Likita, cikina wata bakwai, ina zuwa awo a wani ƙaramin asibiti. Nas ɗin suna da kirki sosai, amma ina jin tsoro, in abu ya ɓaci ranar haihuwa anya za su iya ceto ni? Me zan duba?

Amsa: 'Yar uwa, Allah ya raba lafiya. Kirki abu ne mai kyau, amma ba shi ke tsayar da jini ba. Mace na iya rasuwa cikin awa biyu kacal in jini ya ɓalle bayan haihuwa ba a tare shi ba, shi ya sa ni abin da nake kallo shi ne wanda ke bakin aiki ƙarfe biyun dare, hannunsa ya saba ko kuwa a takarda kawai ya karanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade abubuwa bakwai da ko ƙaramin asibitin haihuwa ya kamata ya iya, ciki har da allurar matse mahaifa, maganin jijjiga, ciro mabiyiya da hannu in ta maƙale, da farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba. Tiyata da ƙarin jini kuma na babban asibiti ne.

To ki tambaye su kai tsaye, ba rashin kunya ba ne. Suna da oksitosin, wato allurar matse mahaifar nan, kuma a firiji yake? Don zafi na rage masa ƙarfi, sai a yi allura a ga mahaifa ba ta matse ba, ana ta mamaki alhali tun a ajiya maganin ya lalace. Suna auna jinin da ya zuba ko da ido suke kintace? Da zarar ya kai mililita 500, wato rabin lita, an shiga haɗari, kuma ido yakan raina jini, mu ma likitoci muna faɗawa wannan tarkon. Akwai kuma tranekzamik asid, maganin rage zubar jini, wanda ake so a ba da shi cikin awa uku da haihuwa in jini ya ɓalle.

Sai maganin jijjiga, magnesiyum salfet. Wani wurin yana nan a kabad amma nas tana tsoron yin allurar saboda ba ta taɓa yi ba, wannan da babu duk ɗaya ne. Ki lura ko suna duba hawan jininki duk zuwa awo, in ya kai 140 bisa 90 ba abin wasa ba ne.

Jariri ma minti ɗaya na farko ne abin ji, in bai yi kuka ba dole famfon hura iska ya kasance a kusa, ba a fara nemansa ba.

Sannan ki tambayi inda suke tura mace in abin ya fi ƙarfinsu, da wace mota, kuma wa zai ba ki jini. Wannan ku tsara shi da maigida tun yanzu, ki kuma san rukunin jininki kafin watan haihuwa ya kama.