Tambaya da Amsa: Na san kalmomin, amma ban gane jimlar ba

Tambaya: Malam, ina shirin jarrabawar JAMB. Na ci karo da jimlar "The match was put off", na zaɓi cewa an soke wasan, sai aka ce ban ci ba. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba, Azare, Jihar Bauchi.

Amsa: 'Yata, wasan ba soke shi aka yi ba, ɗage shi aka yi zuwa wani lokaci. Da sokewa ake nufi, da "called off" za ki gani. Masu shirya jarrabawa suna sane da wannan tarkon, shi ya sa suke jera amsoshin biyu kusa da juna.

Matsalar ita ce fassara kalma-kalma. Idan aka ce wance tana da farin jini, ba wanda zai je duba launin jininta. Haka Turanci yake: "put" shi kaɗai ajiyewa ne, amma "put off" ɗagewa ne, "put out" kashe wuta mai ci, "put up with" kuwa jure wa abu ko haƙuri da mutum. Ƙaramar kalmar da ke biye ita ke juya ma'anar, don haka a dunƙule ake haddace su. Af, "put off the light" da ake yawan ji a nan gida, masu gyaran takarda ba sa karɓarsa. "Switch off" ko "turn off" suke so.

Wajen duba ƙamus, kada ki tsaya a ma'anar farko. A ƙamusun Oxford na masu koyo, ki nemi babbar kalma ta farko a maganar, ki gangara ƙasa inda aka sa alamar IDM (salon magana irin "farin jini") ko PHR V (aikatau mai tafiya da ƙaramar kalma, irin "put off"). Ki kwafe misalin gaba ɗaya a littafinki, ki ƙara jimla ɗaya taki a ƙarƙashinsa. Guda biyar a rana sun wadatar.

Ki kuma lura da gargaɗin da ƙamus ke sawa a gefe. "Kick the bucket" mutuwa yake nufi, amma da sigar raha ake faɗarsa, kuma cin fuska ne a gidan makoki. Wajen ta'aziyya "passed away" ake cewa, kwatankwacin rasuwa a wurinmu. Ba a kuma taɓa kalmomin irin wannan magana: kika ce "kick a bucket", to bokiti kawai kika haura da ƙafa.